Littattafan da Ɓera Bai Ci Ba

Sabon Gari, Wudil,
Ranar Juma'a, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Balki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki a can Kudun da aka tura ki bautar ƙasa. Ya sa ki je a sa'a ki dawo a sa'a, amin.

Na san za ki ce, Inna kuma da takarda? Muna gida ɗaya, ƙofar ɗakinki na kallon tawa, ga waya a hannun kowa. To, sau uku ina danna wayar in yi miki saƙon murya, sau uku ina gogewa, don da na ji muryata sai in ji kamar ta wata mai neman wanke kanta. Yanzu haka ina jiyo ki a tsakar gida kina wanke takalmanki. Tun ranar Talata kike gaishe ni da ladabi, "To, Inna," "An gama, Inna," amma ba kya kallon idona. Doguwar maganar da kika yi mini a kwana ukun nan ita ce ta ɗazu, da kika ce, "Inna, miyar nan ta kama," na ce miki gawayin ne ya yi ƙarfi. Gobe da asuba babanku zai kai ki tasha, shi ya sa zan tura takardar nan ƙasan jakarki, ƙarƙashin garin kunu da yaji.

Ranar Talatar, ni da bakina na ce ki jawo kwalla daga ƙarƙashin gadona ki ɗauki 'yar tukunyar da za ki tafi da ita. Wallahi na manta kwallaye biyu ne a wurin. Kika jawo mai shuɗin fure, kika buɗe, sai ga littattafai goma sha huɗu, dukansu na uku. Kin dai san yadda littattafanmu na Hausa suke fitowa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma a na ukun ake ƙare labari. Kika ɗago mai koren bango, kika daɗe kina kallonsa, sannan kika ce, "Inna, ashe ɓera bai ci ba." Kika ɗago mai ja kika ce, "Ashe Maman Sadiya ta dawo da wannan." Daga nan kika mayar da su, kika rufe kwallar a hankali, kika fita ba ki ɗauki tukunyar ba. Ni kuwa ina tsaye da zanin da nake ninkewa.

Iyaye kan yi wa 'ya'yansu nasiha in za su bar gida. Ni ma na zauna in yi, sai na tarar kaina a ɗaure yake, ban san me na sani ba ballantana in ba ki. Abin da ke hannuna kurakuraina ne. Bari in zuba miki su, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Na farkonsu kunya ce. An kawo ni gidan nan daga Dagumawa da karatun aji shida a kaina, da littafi guda a ƙasan adakata, wanda Yaya Hajara ta ba ni. Na yi ta maimaita shi har bangon ya rabu da shi. Babanku ya lura, sai ranar wata Juma'a ya dawo daga kara, kasuwar shanu, da sabon littafi a aljihun babbar riga. Allah Sarki, Malam. Daga nan ya mayar da abin al'ada. Amma kin san dillalin shanu ne, kuma yadda yake zaɓen sa haka yake zaɓen littafi. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya duba kauri, ya bubbuga bayansa, ya ce, "Wannan ya ƙoshi." Da haka ya kawo mini littafin kiwon kaji. Ya kawo na dokokin hanya da ake koya wa direbobi. Wata rana ma na biyun wani labari ya kawo, babu na ɗaya babu na uku, na tsinci mutane suna ta rigima ban san abin da ya haɗa su ba. Ni kuwa duk wanda ya miƙo sai in durƙusa in ce, "Ya yi daɗi, Allah ya saka da alheri." Kusan shekara uku muna haka.

Ranar da asirina ya tonu, yana cin tuwo ya ce, "Asabe, ba ni labarin da ke cikin ƙosasshen nan na makon jiya." Na ce, "Malam, kaji ne. Tun daga farko har ƙarshe kaji ne, sai mura sai zawo." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu ya ce, "To ke me ya hana ki faɗa?" Na ɗauko hularsa na kaɗe na miƙa masa.

Shi ne ya je ya shirya da Malam Isuhu, mai shimfiɗa littattafai a kasuwar Juma'a. Duk ranar Alhamis da yamma sai babanku ya ɗauko buhun littattafan gaba ɗaya a bayan babur, in zaɓa, da safe ya mayar da sauran. Balki, ban san yadda zan kwatanta miki daɗin yammacin Alhamis ba. Sai na share ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na wanke hannuna da sabulu kada in shafa musu manja, sannan in kwance bakin buhun in zazzage. Ƙamshin sabuwar takarda ya cika ɗakin. In ɗauki wannan in karanta shafin farko in ajiye, in ɗauki wancan, in ware uku, in mayar da biyu, in sake ɗauko wanda na mayar. Ji nake kamar ina tsaye a tasha motoci suna lodi, kowane kwandasta yana kiran garinsu, kuma duk wadda na ga dama ita zan shiga. Wani lokaci zaɓen ya fi karatun daɗi, don kafin ki zaɓa duk garuruwan naki ne.

Ni fa ban taɓa wuce Kano ba, sai Gaya sau biyu gaisuwar mutuwa. Hajiyar da 'yan unguwa suke kirana ta baki ce. Amma na shiga jirgin ruwa har na yi amai. Na kwana a ƙasar da mutum ke magana hayaƙi na fita daga bakinsa don sanyi. Na ɓata a Ikko, na yi ciniki a Agadas. Babanku ya ci tuwo da miya mai ƙauri sau ba adadi saboda matarsa tana tsakiyar teku. In ya ɗanɗana sai ya ce, "Yau kuma ina aka je?"

To nasihata a nan, in aka tambaye ki me kike so, ki faɗa. Kada ki shekara uku kina gode wa abin da bai yi miki ba. Kuma littafi, ki je da ƙafarki ki tsaya a kansa, ki juya shi da hannunki, kada ki aika. Sai dai kuma, tsaya. Littafin kajin nan shi ya cece mini kajina shekarar da ciwo ya share na unguwa. Kuma cikin ƙosassun babanku akwai wani na koguna, a ciki na gano ashe ruwan nan da ke wucewa ƙarƙashin gadarmu ba a nan yake tsayawa ba, yana nan tafe ta Haɗeja har ya nufi Tafkin Chadi. Tun daga ranar ban ƙara hawa gadar nan ban leƙa ƙasa ba. Da ni ce mai zaɓe, ko kallon littafin ba zan yi ba. To ki zaɓa da kanki, amma wani lokaci ki karɓi wanda aka miƙo miki. Kin gani ko? Tun ba a je ko'ina ba na fara warware maganata.

Kuskure na biyu ya fi nauyi, kuma ban taɓa ba ki labarinsa ba. Kin san kina da wa na fari wanda ba ki tarar ba, wanda har yau bakina bai iya kiran sunansa. Ƙyanda ce ta ɗauke shi yana shekara ɗaya da rabi. Kin kuma san al'adarmu, uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari. Ranar da aka fita da shi ina zaune cikin mata, idona a bushe, ana ta yaba mini haƙuri. Bayan an yi arba'in babanku ya dawo da buhun Alhamis, ko zan ɗan saki raina. Na zaɓi wani mai hoton kwalekwale a bango. Labarin wata mata ce da ta goya jaririnta marar lafiya ta bi kogi, za ta garin da aka ce akwai likita. Na ɗaya da na biyu duk tare muka yi tafiyar, ina tuƙi tana tuƙi. A raina ina cewa, ko a takarda ne, Allah ya raya wannan. A na uku suka isa garin. Ta sauka a bakin ruwa, ta kwance goyo, ta tarar yaron ya riga ya yi sanyi.

Balki, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da nawa. Na yi har maƙwabta suka shigo. Yaya Hajara ta zo daga Dagumawa washegari, da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Gara da kika yi, Asabe, da yana nan a ƙirjinki." Ni ban ji haka ba. Gani na yi an yaudare ni, an ja ni tafiya mai nisa don a kai ni inda na gudo. Na yi alkawari babu littafin da zai ƙara yi mini haka. Daga ranar, duk littafin da na ɗauka, shafin ƙarshe na na uku nake fara buɗewa. In an ƙare da biki ko haihuwa, in karanta. In an ƙare da makara, in san da shirina, ko in ajiye.

Kin san abin da ya biyo baya? Ban ƙara ƙona miya ba. Ina karatu ina jin tafasar tukunya, ina jin kukan akuya, ina sane da inda inuwa ta kai. Mutumin labari ya shiga haɗari, ni ko a jikina, na san zai fita. Babanku har yabo ya yi, ya ce girki ya gyaru. Bai san na daina zuwa ko'ina ba ne, ina dai zaune a Sabon Gari ina juya takarda.

Don haka kada ki leƙa ƙarshen littafi. Ki bari gabanki ya faɗi, don faɗuwar gaban nan ita ce tafiyar. Wannan na faɗe shi da ƙarfi, amma ko shi ɗin, in kika tambaye ni ko zan yarda in sake shiga kwalekwalen nan ban san inda za shi ba, ban san me zan ce miki ba. Shekara talatin ina jin haushin littafin nan, sai a makon nan nake tunanin ko Yaya Hajara ce mai gaskiya. Ta rasu ban gaya mata ba.

Yanzu sai naki. Kina shekara tara kika fara jan littattafaina. Ki kwanta rub da ciki a gindin darbejiya, ƙafafu a sama, a yi ta kiranki ba kya ji. Na yi murna, wallahi na yi murna, na ce ga wadda ta gado ni. Amma ko sau ɗaya ban bar ki kin zauna kan tabarmar Alhamis ba. In aka kawo buhu sai in aike ki maƙwabta, gidan Maman Sadiya, ko in ce ki je ki yi tilawa. Ni zan zaɓa, ni zan tace, in miƙo miki. Na ce tarbiyya ce, kuma wani ɓangaren tarbiyyar ce, don ba kowane littafi ne na yarinya ba. Amma ni da na san babu abin da ya kai zaɓen daɗi, ni na hana ki shi. Sai a makon nan na lura kin kai shekara ashirin da uku ba ki taɓa zaɓar littafin labari da hannunki ba.

Za ki ce, to masu mugun ƙarshen, me ya sa ban hana ki su gaba ɗaya ba? Na tambayi kaina. Abin da ya sa, su ne suka fi daɗin tafiya. Ban san dalili ba, amma haka abin yake. Ina so ki ga garuruwan da ke ciki, ba na so ki isa inda za su kai ki. Sai na yi dabara irin ta marar wayo, in ba ki na ɗaya da na biyu, in jefa na uku a kwalla.

Mai koren bangon shi ne na farko, labarin direban jirgin ƙasa da 'yarsa da take jiransa a tasha kullum. Kina shekara goma sha ɗaya. Kika gama na biyu kika zo da gudu, "Inna, na ukun!" Na ce ɓera ya cinye. Kika yi kuka, kika hana babanku sakat sai da ya sayo tarko, kika ɗana shi da kanki da guntun ƙuli-ƙuli. Da ya kama wani ɓera kika tsaya a kansa kina yi masa faɗa. Muka yi ta dariya ni da babanku, shi da gaskiyarsa, don bai san komai ba. Har ranar Talatar nan bai sani ba.

Ɓera ba zai ci littafi kullum ba, sai na nemo wata ƙaryar. Lokacin matan unguwa suna karɓar hayar littattafai a wurina, sai na ce Maman Sadiya ce ta karɓi mai jan bango ba ta dawo da shi ba. Wasu kuma na ce miki marubutan ba su ƙarasa ba. Uku daga ciki ma cewa na yi sun rasu. Astagfirullah, na kashe mata uku da bakina, suna can garuruwansu da ransu da lafiyarsu, har kika riƙa yi musu addu'a.

Maman Sadiya kuwa, baiwar Allah, daga ranar kika ɗauke mata wuta. Ki gaishe ta a tsaye, in an ba ki tuwon sallah ki kai mata ki ce ƙafarki na ciwo. Ta taɓa tare ni ta ce, "Asabe, me na yi wa Balki ne?" Na ce ƙuruciya ce, za ta daina. Jiya Alhamis na ɗauki mayafina na shiga gidanta na faɗa mata komai. Da farko dariya ta yi har da riƙe ciki. Can sai ta daina, ta ce, "Yanzu shekara goma sha biyu yarinyar nan tana yi mini kallon ɓarauniya?" Na ce e. Ta ce ta yafe, amma ba ta rako ni ƙofa ba kamar yadda ta saba. Hakkinta a wuyana yake, ba a naki ba. Duk da haka, in kin samu sarari ki kira ta ki gaishe ta da kyau.

Akwai kuma abin da ba ki san na sani ba. Kina aji biyu a sakandare ina gyara miki katifa na ga wani littafin rubutu. Ashe ƙarshen labaran kike rubutawa da kanki. Na zauna a bakin katifar na karanta na direban jirgin ƙasa, ina jiran in ga kin dawo da shi gida da tsaraba. Ina! Ke ma kashe shi kika yi. Kika sa aka kawo wa yarinyar hularsa, kika sa ta girma ta shiga jirgin da kanta ta bi hanyar da yake bi, tana kallon garuruwan da yake ba ta labari. Na yi kuka a wurin, kuma kaina ya ɗaure. Abin da nake ta tare miki, ashe kin riga kin san da shi. A ina kika sani? Wa ya gaya miki? Ni dai ban bar shi ya shigo ta hannuna ba.

Ranar ce ya kamata in jawo kwallar in ce ga su. Na mayar da littafin rubutunki yadda na same shi, na je na ɗora tukunya. Ƙaryar ta riga ta girma, ina jin kunyar ki ganta. Kin ga kunyar nan ta farko ba ta bar ni ba, kaya kawai ta sauya. Na ce sai kin gama sakandare. Kika gama, na ce sai kin gama jami'a.

A jami'ar ne kika daina. Kina zuwa daga gida kina dawowa, babu abin da ke hannunki sai takardun darasi. Wata rana na miƙo miki wani sabo, mai kyakkyawan ƙarshe kuwa, na tabbatar. Kika ce, "Inna, bar shi kawai. Me zan yi da labarin da ba ya ƙarewa?" Kika faɗa kina murmushi, kika wuce. Na ce wa kaina karatun boko ne ya yi miki yawa, ko kuwa wayar nan ce. Shekaranjiya na leƙa jakarki, ki yafe mini wannan ma. Babu littafi ko ɗaya sai na addu'o'i. Za ki yi tafiyar kwana biyu a mota, ki shekara a garin da ba ki san kowa ba, babu labari guda a jakarki. Yarinyar da ake kira ba ta ji a gindin darbejiya. Wannan shi ne abin da yake cina, Balki, ya fi fushinki cina. Ina tsoron ni na kashe miki shi, kuma ban san ko ana tayar da irinsa ba.

Me zan ce miki a nan? In kin yi kuskure ki warware shi da wuri, tun yana ƙarami. Kada ki ɓoye wa mutum abin da yake nasa, ki ce don kina sonsa ne. Na rubuta wannan na tsaya ina kallonsa, don wallahi don ina sonki na yi. Kuma in Allah ya ba ki 'ya, ta zo da gudu tana neman na uku, ke kuma kin san abin da ke ciki, ban san me za ki ji ba. Wataƙila ki fi ni ƙarfin hali. Ina fata ki fi ni.

Game da garin da za ki, ba ni da abin faɗa mai yawa. Duk abin da na sani na Kudu a littafi na gani, kuma kin ji irin karatun da nake yi. Ki riƙe sallarki. Ki gaishe da mutane ko ba ki iya yarensu ba, ki ci abincinsu in ya halatta, kada ki yatsina fuska. In kin huta ki tambayi inda ake sayar da littattafai, kowane gari yana da irin Malam Isuhunsa. Ke kin iya Turanci, ƙofofin da suke a rufe a wurina a buɗe suke a wurinki. Ki tsaya a gaban shimfiɗar, kada ki yi sauri, kada ki kira ni ki tambaye ni wanne. In kuma kin je kin ji ba kya so, to, ba zan ce komai ba, ba ni da bakin magana.

Yau da safe na shiga kasuwa da ƙafata. Malam Isuhu ya tsufa, shimfiɗar tasa ta koma rabi, ɗaya rabin cajar waya ce da rigunan waya. Ya ce yanzu kowa a waya yake karatu. Na tsuguna na fi awa ina juya abin da ya rage. Na ware uku, na mayar da biyu, na sake ɗauko wanda na mayar. Daga ƙarshe na tsaya a kan wani tsoho, kashi uku ɗaure da roba, ban taɓa ganinsa ba. Kafin in ankara babban yatsana ya tafi shafin ƙarshe da kansa. Na janye shi kamar na taɓa garwashi. Na ce, "Malam Isuhu, sa mini na ukun nan a baƙar leda, ka ƙulle da kyau." Ya kalle ni ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Lafiyar ke nan."

Za ki ga ƙunshi a gefen takardar nan. Littattafanki ne goma sha huɗu, naki ne tun tuni. Na haɗa miki da na ɗaya da na biyunsu, waɗanda suka rage, don na san an daɗe. Ban jera su ba, ban sa alama a kan ko ɗaya ba, yadda suka zo hannuna haka na zuba su. Ban ce ki karanta ba. In kin ga dama ki fara da wanda ranki ya so, in kin ga dama ki bar su a ɗaure.

Baƙar ledar da na sa miki tare da su kuwa tawa ce. Na ɗaya da na biyu suna nan a wurina, na fara bayan azahar. Wata mata ce mai sayar da tukwane ta hau bayan babbar mota za ta neman ƙanwarta a garin da ba ta sani ba, kuma ni ban yarda da direban nan ba sam. Ban san abin da zai same ta ba, Balki. Gabana sai faɗuwa yake. Miyar da kika ce ta kama, ba gawayi ba ne. Wannan ma ƙarya na yi miki, ta ƙarshe in Allah ya yarda.

Nan da kwana uku zan gama na biyu, in zauna. Na ukun yana hannunki. In kin ga dama ki ba direba ya kawo mini, in kin ga dama ki riƙe har ki dawo. In ma kin kira ni kin ce ɓera ya ci, zan ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ba zan sa a sayo tarko ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sa ƙasar ta karɓe ki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mini da ke ina raye. Ki yafe mini.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna Asabe.